Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Talata da safe, washegarin Idin Dukan Tsarkaka, ranar da muke ziyarar kaburbura, na buɗe ƙofar tsohuwar makarantarmu ta Ellersried na tarar da akwatuna biyar a kan kanta maimakon shida. Na ƙirga sau biyu kamar 'yar aji ɗaya, ni da na yi shekara talatin da takwas ina koya wa yaran garin nan lissafi. Biyar ne dai. Akwatin 1945 ya yi ɓatan dabo, da katuna ashirin da tara a cikinsa.

Sunana Walburga Pongratz, amma kowa Malama yake ce mini, har Fada, limamin cocinmu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tara katunan nan, kuma ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba: duk faɗin dajin Bayern babu ƙauyen da ya tara nasa kamar yadda na tara namu. Ɗari biyu da goma sha uku ne, na kowane saurayin da ya tafi yaƙin duniya na biyu daga yankin cocinmu bai dawo ba. Katin bai fi tafin hannu ba: hoton yaro da kakinsa, sunansa, inda ya mutu, sai 'yar addu'a. A coci ake raba shi ranar addu'ar mamaci, uwa ta sa nata a littafin addu'arta. Yawancinsu gawarsu tana Rasha, don haka katin nan shi ne kabarinsu. Ban tara su don in wanke kowa ba, na san abin da sojojinmu suka je suka yi a ƙasashen mutane. Na tara su ne don a san ko su wane ne aka kwasa daga gonaki, da yadda suka ƙare. Gida gida na bi, na sha kofi mai ɗaci na sha baƙar magana, kafin a yarda a ba ni. Kuma aro ne. Na rantse wa kowane gida ko kusurwar kati ba za ta lanƙwashe ba.

Kafin tsakar rana mutane sun cika ƙofar makarantar. Emmeram Wiesner ne a gaba, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, wanda iyakar yaƙinsa wata goma sha takwas ne a ɗakin ajiyar barguna na bariki.

"Malama, mun ba ki amanar matattunmu kin zubar," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "Ranar Lahadi bayan coci, in akwatin nan bai dawo ba, kowa zai karɓi katin gidansu. Ni ne zan fara."

Babu wanda ya ce masa a'a. Na duba fuskokin da na koya wa karatu, duk suna kallon ƙasa. Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don na san katin da ya koma gida ba zai sake fitowa ba. In tsoho ya mutu, jikoki su haɗa shi da tsofaffin jaridu su zubar.

'Yan sanda biyu sun zo daga birni. Suka ga ba a fasa ƙofa ba, suka tambayi inda mabuɗi ke zama. Na ce a ƙusa, bayan ƙofar ɗakin da Fada ke sa riga. Suka ce wa ya san da haka? Na ce duk wanda aka yi wa baftisma a garin nan. Suka rufe littafinsu suka tafi.

Gari kuwa ya riga ya yanke hukuncinsa: Dakta ce. Dakta Friederike Lenz masaniyar tarihi ce daga wata jami'a can arewa, ta yi mako biyu a wurinmu tana ɗaukar hoton katunan da na'ura. Ranar Juma'ar da ta gabata ta yi mana jawabi a ɗakin taron coci, ta ce za ta gwada abin da kowane kati ya faɗa da takardun soja da ke ajiye a Berlin, domin sau da yawa katin yana sassauta gaskiya don zuciyar uwa. Emmeram ya miƙe a ranar ya ce tona asiri ta zo yi. Kreszenz Brandl, wadda muke ce wa Zenzi, tsohuwa mai shekara saba'in da shida da ke share coci duk ranar Asabar, ta ɗaga hannu kamar ɗaliba ta ce, "Yarinya, har ainihin wurin da mutum ya mutu kina iya ganowa?" Dakta ta ce sau da yawa, e. Daga nan aka sha kofi aka watse.

* * *

Ban so kiran Quirin ba, don na san sai ya yi shekara yana yi mini gori. Ƙanin marigayi mijina ne, shekara arba'in yana gadin dajin gwamnati, yana bin sawun barewar da aka harba ta gudu da aladen dajin da suka ɓata gonar wani. A kan sawu kam, ko ni da ba na yaba masa komai na san babu kamarsa. Ya iso da la'asar, hularsa a karkace.

"Matar yaya, an ce an yi miki sata. Ashe akwai wanda ba ya tsoronki a garin nan?"

"Aiki ka zo yi ko surutu?"

"Duka biyun. Matsa mini, kin tare haske."

Bai ko kalli ƙofar gaba ba, ya ce garken shanu ya riga ya bi ta kanta. Ya zaga ta baya, inda ƙaramar ƙofa ke kallon makabarta, ya durƙusa a gaban dutsen bakin ƙofar har gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya daɗe a haka.

"Ɓarawonki ya cire takalmi," ya ce.

"Quirin, ba na cikin wasa."

"Zo ki gani. Sawu biyu a jere, kawunansu na kallon ƙofa. Ba tafiya ake yi a nan ba, ajiye su aka yi, laka ta tsiyaye ta bushe kewaye da su. Ƙafa ƙarama. Jar lakar makabarta ce, ta jiya bayan ruwa. Yanzu dubi ƙasan ɗakinki, tas yake. Mutumin nan ya zo yi miki sata amma ya ji kunyar ɓata miki daɓe."

Jiya kuwa duk gari yana makabarta, kowa a kan kabarin gidansu, bayan haka aka tafi shan kofi. Lakar ba ta ware kowa ba.

Muka shiga. A lokacin ne idona ya faɗa kan murafen akwatuna biyar da suka rage. Kowane murfi da tabon ruwa, ɗigo-ɗigo, sun bushe sun bar shaida a kwalin. Kwalin da na je har München na sayo, irin wanda ba ya cin takarda!

"Shayin Dakta ne!" na ce. "Sau nawa na ce mata kada ta shigo mini da kofin shayi nan?"

Quirin ya matso. Ya sunkuya yana bin murafen ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kamar zai taɓa kwali. A kan na 1944 ya lasa ɗan yatsa ya ɗauki wani abu ƙarami, ya buɗe gwangwanin tabar da yake shaƙa ya sa a cikin murfin.

"Mene ne?"

"Datti. Kullum kina cewa ɗakinki babu datti, ga shi na samo."

* * *

Ranar Laraba muka je wurin Korbinian Haas. Shi ne mai tsofaffin kaya, duk ƙarshen mako yana kasuwar gwanjo da hulunan soja da lambobin yabo, kuma kowa ya san katunan matattu ma suna bi ta hannunsa. Mun same shi a rumfarsa yana goge wani agogon bango.

"Na san za ku zo," ya ce. "Ko kaza ta ɓata a garin nan, Korbinian. Malama, ke ma?"

"Ina kake jiya Litinin da yamma?" Quirin ya tambaya.

"Shekaranjiya, Quirin, ka fara tsufa. Ina kan kabarin uwata, daga nan gidan giya. Ku tambayi Emmeram, shi ya hana ni jin waƙa da labarin bargunansa." Ya ajiye tsumma. "Ku saurara in gaya muku sana'ata. In da sata zan yi, akwatin 1943 zan ɗauka, mai katunan waɗanda suka mutu a yaƙin Stalingrad da na wani matuƙin jirgin sama. Su masu tarawa ke nema. Na arba'in da biyar? Takarda kamar ta naɗe kifi, rabinsu ba hoto. Ko kyauta na bayar sai an yi mini yanga."

Quirin yana kallon ƙafafunsa. Takalman Korbinian kamar kwale-kwale biyu suke.

"Kuma Malama," ya ƙara, murya ta sauka, "kati goma sha ɗaya na cikin akwatunanki ni na tsinto su a kasuwannin mutane na kawo miki. Kin manta?"

Ban manta ba, kuma kunya ta kama ni. Na ce masa ya yi haƙuri, abin da ban taɓa gaya wa wani tsohon ɗalibina ba.

A hanya Quirin ya ce, "Kin ji abin da ya faɗa? Ɓarawon bai ɗauki abin sayarwa ba. Wani abu ne a cikin akwatin nan yake so kada a gani."

"Ko kuma wata ce ke son ta tafi da shi jami'arta," na ce.

* * *

Dakta tana zaune a ɗakin katunan ranar Alhamis, na'urarta a kashe. Idanunta sun yi ja. Mai gidan biredi ta bar ta tsaye da safe har aka sallami kowa, matar da ta ba ta ɗaki kuma ta ce mata wai baƙi na zuwa ranar Litinin. Ƙafarta ƙarama ce, na riga na duba tun ranar Talata. Ranar Litinin da yamma kuma ta ce yawo ta tafi cikin daji ita kaɗai.

"Ranki ya daɗe, Dakta," Quirin ya ce, ya cire hula. "Tambaya ɗaya gare ni." Ya zaro ɗan reshen ganye daga aljihu, irin wanda ke cikin kwanon kowane kabari a garinmu. "Me ake yi da wannan?"

Ta juya shi a hannu. "Ado? Na ga ana sa su a kaburbura."

"Ado ne," ya ce da fara'a. "Na gode."

Ya nuna mini ƙafafunta da haɓa. Takalman yawon daji ne, ta shigo da su har tsakiyar ɗaki, da busasshen ganye manne a dunduniya. Mako biyu ina yi mata mita a kan haka.

Ta dube ni ta ce, "Malama, ke ma kina zaton ni ce?"

Ni ba na ƙarya. Na ce, "Na zata."

"Na riga na ɗauki hoton akwati biyar. Me zai sa in saci na shida, alhali gobe za a ba ni shi a hannu?"

Tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun ranar Talata ke nan. Na fita ina jin haushin kaina, na huce a kan Quirin.

"Ka wanke Korbinian, ka wanke Dakta. Saura kwana uku, kana yawo da ganye a aljihu!"

"Mu je mu gaida yaya," ya ce.

* * *

Makabartarmu a makon nan ita ce wuri mafi kyau a gari: furanni sababbi, kyandirori a jajayen kwalabe, kowane kabari da kwanonsa na ruwan albarka a cike. Muka tsaya a kan kabarin mijina. Na ɗauki reshen ganyen da ke cikin kwano na yayyafa masa sau uku, kamar yadda hannuna ya saba tun ina yarinya.

"Sake yi," in ji Quirin. "A kan dutsen, inda ya bushe."

Na sake. Ɗigo-ɗigo suka zuba a jere, layi uku. Na tsaya ina kallonsu: irin tabon da ke kan murafen nan ne sak.

"Ba shayi ba ne," na ce.

"Ba shayi ba ne. Wanda ya shiga ɗakinki daga makabarta ya fito, abin yayyafinsa a hannu bai bushe ba. Ya ɗauki abin da ya zo ɗauka, ya juya zai fita, sai ya ga akwatuna biyar cike da samarin da ba su da kabari, a ranar da kowane mamaci ke samun ruwa. Ya kasa wuce su."

Haka iyayenmu mata suke yi wa katunan a gida. Ni kaina na ga kakata tana yayyafa wa katin ɗanta a kan tebur. Yau wa ke yin haka, in ba wanda ya tashi a hannun irin matan nan ba?

"Tsoho ne ko tsohuwa," na ce. "Amma Quirin, tsofaffi sun fi hamsin a garin nan."

Ya shiga bin layukan kaburbura, hannu a baya, yana leƙa kowane kwano kamar mai duba tarko. Ni kuwa ina biye da shi ina lissafa masa sunayen tsofaffi, ban ko lura da inda ya ɗan dakata ba. Da ya gama ya shaƙi tabarsa ya yi atishawa.

"Ki gaya wa Emmeram ranar Lahadi a gidan giya za a taru, ba a ƙofar makaranta ba. Kowa ya zo."

"Ka gano?"

"Na gano."

"To wane ne?"

"Matar yaya, dabbar da ta ji rauni ba a bin ta da gudu. Ana barin ta ta kwanta tukuna."

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, har na ce ba zai sake cin kek ɗina ba. Bai faɗa ba.

* * *

Ranar Lahadi bayan coci ɗakin baya na gidan giya ya cika har ana tsayuwa. Fada na gefe, Korbinian ya harɗe hannu, Dakta ita kaɗai a teburinta, ba wanda ya zauna kusa da ita. Na ɗauki kujerata na kai wurinta na zauna, don kowa ya gani. Emmeram ya zo da ambulan da zai sa katin gidansu.

Quirin ya miƙe. Shi ba mai jawabi ba ne, magana yake yi kamar yana ba da rahoton aladen daji.

"Ba Korbinian ba ne, ƙafarsa ta yi biyun ta ɓarawon. Ba Dakta ba ce, ba ta cire takalmi ko don Malama, kuma ba ta san abin da ake yi da ganyen kabari ba. Ku da kuka hana ta biredi, ku san yadda za ku yi da ita. Emmeram, kai ma na duba ka, tunda kai ka fi kowa ƙin aikin nan. Amma da kai ne, da duk gari ya ji kafin ka kai gida."

Aka yi dariya, ban da Emmeram. Quirin ya ba su labarin takalman da na ruwan da ke kan murafe. Sai ya buɗe gwangwaninsa ya karkata murfin a kan farin ƙyallen tebur.

"Wannan na samu a kan akwatin 1944. Ƙaiƙayin alkama ne. Kaburbura ɗari da tamanin ne a makabartarmu, duk da reshen ganye ake yayyafa musu. Guda ɗaya ne kawai ake yi wa da zangarniyar alkama uku ɗaure da jan zare. Ba zan faɗi suna ba. Wanda yake son sani, ga makabarta can."

Kujeru suka fara motsi.

"Ku zauna," wata murya ta ce daga bayan ɗaki. "Kada ku je ku tattake mini furanni."

Zenzi Brandl ce. Ta miƙe a hankali, ta ɗauko kwandon cefanenta ta zo gaba, ta ɗora a kan teburina. Ta buɗe ƙyallen da ta rufe shi da shi. Akwatin 1945 ne, ko ƙura babu.

"Ƙirga, Walburga. Ashirin da tara ne. Ɗaya nake so, amma in na ɗauki ɗaya kowa zai san gidan da ya shiga."

"Iya Zenzi!" in ji Korbinian. "Kwana shida ana ce mini ɓarawo kina ji?"

"Ina ji, ɗana. Ban yi barci ba ko sau ɗaya. Ka yafe mini. Ke ma yarinya, ki yafe mini." Ta buɗe akwatin, hannunta bai ko laluba ba, ta zaro kati. Na san shi kamar tafin hannuna: Benedikt Brandl, shekara goma sha tara, ya mutu mutuwar jarumi a ƙasar Hangare, watan Afrilu.

"Ƙarya ce," ta ce. "Yayana Bene bai mutu a Hangare ba. Babanmu ya riga ya mutu a Rasha, gona ba mai nomawa sai uwarmu da ni, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Bene ya ce yaƙin ya ƙare tun tuni, shi ba zai ƙara harbin ɗan kowa ba. Ya jefar da bindiga ya kamo hanyar gida da ƙafa, kwana goma sha tara. Sojojinmu ne suka kama shi a mararrabar injin niƙa. Suka rataye shi a itacen da ke wurin, da allo a wuya wai matsoraci. Saura kilomita uku ya iso."

Ta ci gaba, murya ba rawa.

"Yana cikin kabarin gidanmu, ƙarƙashin kakanmu, ba sunansa a dutsen. Uwarmu ta buga katin nan don kada a tofa mana yawu a hanya. Ita ta fara ɗaura masa alkama, ta ce ita ya taho shukawa. Ranar da za ta mutu ta sa na yi mata alkawari ba wanda zai ji. Shekara sittin da biyar na riƙe. Sai ga yarinyar nan ta ce za ta duba takardun Berlin."

Na ji kamar in nutse. Shekara talatin da ɗaya ina taƙama na san kowane yaro a akwatunan nan, ashe ina wucewa ta gefen kabarin ɗayansu duk Lahadi.

Emmeram ne ya fara motsawa. Ya ninke ambulan ɗinsa biyu, ya sake ninkewa. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Zenzi," ya ce, "babana ne ya yanke igiyar ya sauke shi."

Ta juya ta dube shi.

"A amalankenmu aka kawo shi, ƙarƙashin ciyawa. Babana ya gaya mini ina ɗan shekara ashirin. Ya ce in na bari wani baƙo ya taɓa sunan Bene Brandl, ban cika ɗansa ba. Kina zaton don me nake ta haushi a kan aikin nan?"

"Kakata ma ta sani," wata ta ce daga gefe. "Ita ta wanke shi."

Zenzi ta dafa tebur. "Duk kun sani? Kuka bar ni ina ɗauke da shi ni kaɗai?"

"Mun zata taimakonki muke yi," in ji Emmeram, kansa a ƙasa.

Dakta ta matso kusa da ita. "Iya, in ba kya so, ba zan rubuta komai a kansa ba. Katinki ne."

Zenzi ta daɗe tana kallon hoton. Yaro ne mai manyan kunnuwa, hular ta yi masa yawa.

"Uwata tsoron yawun mutane take," ta ce. "Waye zai tofa yanzu? Kai, Emmeram?"

"Wanda ya tofa, da ni zai yi."

"To rubuta, yarinya. Amma ba ke za ki fara ba. Walburga ce za ta rubuta, ta fi ki kyawun hannu."

* * *

Ba kowa ne ya huce ba. Gida biyu sun karɓi katunansu duk da haka, suka ce ɗakin da mabuɗinsa ke rataye a ƙusa ba wurin ajiya ba ne. Gaskiyarsu, yanzu mabuɗin yana wuyana. Sauran ɗari biyu da goma sha ɗaya suna nan. Mai gidan biredi ta aika wa Dakta kek ba tare da ta ce komai ba, wanda a garinmu shi ne babban ban haƙuri. Quirin kuwa har yau in ya shigo gidana sai ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa yana kallona, don dai in tanka.

Dakta ta ce za ta aiko mini da sababbin murafe, tunda ruwa ya taɓa waɗannan. Na ce ta bar su. Ni da ba na yarda ko numfashi mai ƙarfi a yi kusa da akwatunan nan, na bar tabon yadda yake, kuma duk baƙon da ya zo ina nuna masa. Ina alfahari da garin da ɓarawonsa ke cire takalmi ya yi wa matattu addu'a kafin ya fita.

Ranar Litinin Zenzi ta zo makaranta da rigarta ta coci. Ta cire takalmi a ƙofar baya. Na yanko farin kati daidai girman na da, na cika alƙalamina da tawada. Tsohon katin zai zauna, in ji ta, don na uwarta ne, sabon a gefensa.

"Me zan rubuta? Jarumi?"

"A'a. Wancan ya riga ya faɗi haka, kuma ya ishe shi." Ta turo mini farin katin. "Rubuta abin da ya faru."

Ta faɗa, na rubuta da hannun da na koya wa rabin garin nan rubutu da shi, kuma ban taɓa yin rubutun da ya fi shi kyau ba:

Benedikt Brandl, manomi, shekara goma sha tara. Ya ajiye bindiga ya kamo hanyar gida. Saura kilomita uku.